Shekarar da Aka Buga Sunana a Buhun Angurya

Nana, ke da Murtala da ƙannenku, sauran abin da na rubuta muku na ƙuruciyata da na shekarun koyarwa kuna iya tsallake shi, ba ku yi asarar komai ba. Wannan kam ku zauna ku karanta shi har ƙarshe. Ranar da Nana ta dawo daga bikin ƙawarta a Shagari idonta jajur, ta ce wata mata ta nuna ta da baki a cikin taro ta ce ga ɗiyar mai kaɗar ƙarya nan, ranar na gane shirun da na yi shekara da shekaru bai amfani kowa ba sai mutumin da ya cuce ni. Na ɗauka haƙuri nake yi. Ashe barinku na yi kuna ɗaukar kayan da ba ku san wanda ya ɗaure shi ba. To ga yadda aka yi, kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba, don akwai shi.

Kaɗa ita ce auduga a bakinmu na gida, kun sani. A Kajiji, bayan ɗakin Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, akwai wasu itatuwan kaɗa guda bakwai da suka fi mutum tsayi. Ba a shuka su duk shekara kamar ta gona, nan suke tsaye rani da damina tun ina yaro. Gashinta gajere ne, 'yan kasuwa ba sa ko kallonta, Gwaggo ce kawai ke gurzarta ta kaɗa zarenta. Amma duk shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, audugar gona ta zubar da fure ta yi laushi, ta Gwaggo sai ka gan ta kore shar kamar ba a garin take ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Bayan na bar koyar da ilimin halittu a sakandare a nan Bodinga na koma wata cibiyar binciken noma a birni, shi ne abu na farko da na roƙi a bar ni in bincika. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, don akwai mutanen kirki a cikinta da ba ruwansu. Shugaban sashenmu ma ba zan kira sunansa ba. Farfesa muke ce masa, Farfesa zan ce.

Da na je ɗibar ganye da saiwa, Gwaggo ta tsaya a kaina da mazarinta a hannu tana kallon yadda nake zuba su cikin ƙananan kwalabe.

"Sahabi, mi za ka yi da ganyen kaɗa? Ko magani aka haɗawa da shi can birni?"

Na ce, "A'a Gwaggo, so nikai in san abin da ac cikinta da ba ta jin ƙishi."

Ta ce, "Abin da ac cikinta? Allah na. Amma ɗiba, in ka gane ka zo ka hwaɗa mini."

Bari in bayyana muku aikin a taƙaice, don duk rigimar a kansa ta tsaya. Kowane tsiro yana ɗauke da wani rubutu a cikin jikinsa, mai haruffa huɗu kacal da ake ta jujjuyawa, dogo ƙwarai. Rubutun a yanke yake gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ita ake kira ƙwayar gado, kuma kowacce da aikinta: wata ta tsawon gashi, wata ta launin fure, wata ta kare tsiro daga ƙwari. A auduga an san aikin wasu, amma da yawa lamba kawai aka ba su aka rubuta a gefe cewa ba a san aikinsu ba. Muka aika samfurinmu wani ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar waje, na kaɗar Gwaggo da na audugar kasuwa, wadda aka shayar da wadda aka bari da ƙishi, aka karanto mana rubutun aka turo ta intanet. Daga nan aiki ya koma kan kwamfuta. Wannan fanni shi ake kira bayo'infomatiks, kuma na koye shi ne bayan na haura hamsin, yaran ofis suna dariyar yadda nake buga madannai da yatsa biyu. Ban damu ba. Na zauna da shi wata da watanni, in wuta ta ɗauke in jira, in intanet ta yanke in sake daga farko.

Cikin dubban ƙwayoyin nan sai ɗaya ta fito mini daban. A audugar kasuwa in an hana ta ruwa ƙwayar ɗan motsi take yi kawai, amma a ta Gwaggo sai ta farka da ƙarfi, musamman a saiwa. Na duba sunanta, babu, sai lamba da wannan magana ta ba a san aikinta ba. Sai na yi abin da malamin zaure yake yi idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba a tsohon littafi: ya dubi tushenta, ya nemi inda ta fito a wasu littattafai, ya dubi kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Na ɗauki jerin haruffanta na gwama da rumbunan bayanai na duniya, na tarar tana da dangi a shinkafa da tumatir, kuma an san wasu daga dangin nan suna aiki lokacin fari. Na sa kwamfuta ta fitar da furotin ɗin, wato sinadarin da ƙwayar za ta iya ginawa, da siffarsa, na ga wani yanki nasa irin na masu kama rubutun gado ne su kunna wasu ƙwayoyin, kamar makunnin fitila. Na dubi haruffan da ke gabanta, na ga alamun da kan amsa kiran sinadarin da tsiro ke saki in ya ji ƙishi. Hanya huɗu, duk suka nuna waje ɗaya. Ranar da na haɗa su ban iya cin abincin rana ba don murna.

Amma ku riƙe wannan da kyau: abin da na samu hasashe ne. Hasashe mai ƙarfi, mai hujja, amma hasashe. Kwamfuta ba ta taɓa shuka auduga ba. Kafin a ce haka ne, sai an kashe ƙwayar a jikin tsiro an ga ko zai kasa jure ƙishi, ko an ƙarfafa ta a wani an ga ko zai jure, sannan a fita gona damina bayan damina. A rahoton da na rubuta, kalmar "mai yiwuwa" ta fito a kusan kowane shafi, kuma shafin ƙarshe duk jerin gwaje-gwajen da suka rage ne.

Farfesa ya karanta rahoton a gabana, yana kaɗa ƙafa. Da ya gama ya cire tabarau ya yi murmushi.

"Malam Sahabi, ka yi aiki. Amma wannan mai yiwuwa, mai yiwuwa da ka cika takarda da ita, wa zai saurare ka? Masu ba mu tallafi sun gaji da mai yiwuwa. Sakamako suke so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, iyakar abin da muka sani ke nan."

Ya ce, "Bar mini shi. Gyaran harshe kawai zan yi."

Ba a yi sati biyu ba na ji a rediyo, ina cikin mota a hanyar Bodinga, wai wani ɗan Kajiji mai suna Malam Sahabi ya gano sirrin da zai sa auduga ta daina jin fari. Ba hasashe, ba mai yiwuwa. Ya gano. To a nan laifina yake, kuma ina so ku san shi daga bakina. Na ji, na san ba daidai ba ne, na yi shiru. Direban motar ya juyo ya ce ashe kai ne, ya ƙi karɓar kuɗin mota. A masallaci aka yi ta miƙo mini hannu. Tsofaffin ɗalibaina suka yi ta kira. Mutumin da ya shekara ashirin da alli a hannu ba wanda ya taɓa ce masa sannu, yau ga sunansa a rediyo. Daɗin ya shige ni. Na ce wa kaina ai 'yan jarida ne, haka suke ƙara gishiri, zai wuce. Da na je gidan rediyon nan washegari na ce a gyara, da wataƙila duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Mahaifiyarku ce kaɗai ba ta taya ni murna ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

"Malam, ni dai abin da kac ce mini a ɗaki da abin da nij ji a rediyo ba su yi kama ba."

Na ce mata ba ta san harkar ba. Allah Ya jiƙanta, ta fi ni saninta.

Abin da ban sani ba shi ne, tun damina biyu da suka wuce an haɗa audugar Gwaggo da ta kasuwa a gonar gwaji ta cibiya, an yi ta ninka irin. Wannan ba laifi ba ne, haka ake fara kowane sabon iri. Amma irin da aka haɗa jiya bai zauna ba, 'ya'yansa kowanne da halinsa, wani ya ɗauko uwa wani ya ɗauko uba, sai an shekara da shekaru ana zaɓe. Gab da faɗuwar damina aka aike ni sito in ɗauko wasu kwalabe, sai na tarar da buhuna jibge har rufi. Angurya ce, irin auduga. A jikin kowane buhu an buga hoton wani attajiri da ke neman takara a yankinmu, a ƙasan hoton an rubuta da manyan haruffa: Iri mai maganin fari, binciken Malam Sahabi Kajiji. Na tsaya ina karanta sunana a buhu bayan buhu. Ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ya ko sanar da ni.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa ba, tura ta na yi. Ya ɗago yana dubana, sai ya jawo wata takarda ya miƙo mini, kamar dama jirana yake. Takardar shaida ce cewa an gwada irin an tabbatar yana ɗauke da ƙwayar jure fari, ga wurin sa hannuna a ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace audugar ce ba ta ɗauke da wannan ƙwayar? Tana cikin kowace auduga, har da wadda ke mutuwa in ruwa ya yi sati biyu bai sauka ba. Bambancin a yadda take farkawa yake, shi ma ba mu tabbatar ba. Wannan takarda gaskiya ce da aka shirya don ta yi ƙarya."

Ya ce, "To ina ƙaryar? Akwai ƙwayar ko babu?"

"Akwai."

"To sa hannu. Iri ne kyauta za a raba wa talakawa. In ya yi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, me suka rasa?"

Me suka rasa! Mutumin da ya yi digiri uku a kan noma yana tambayata abin da manomi zai rasa. Manomin Kajiji gona ɗaya gare shi ko biyu. In ya shuka auduga a inda ya saba shuka gero, ya sayar da tuwon shekara ke nan ya sayi alkawari. Damina ba ta dawowa a ce a sake. Na gaya masa haka, da muryar da ban taɓa yi wa na gaba da ni magana da ita ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, yana gyara takardun gabansa, in tuna ni ba dakta ba ne, malamin sakandare ne da aka yi wa alfarma, kuma wanda ya buɗe mini ƙofa yana iya rufe ta. Na ajiye masa takardarsa ba sa hannu na fita.

A gida na zayyana wa mahaifiyarku komai. A lokacin Nana tana shekarar farko a jami'a, Murtala yana shirin jarrabawar fita sakandare, ba mu da wata hanyar shiga sai albashina da ɗan ɗinkin da take yi. Na ce mata ƙin sa hannu kaɗai ba zai hana komai ba, buhunan za su fita da sunana ko na sa ko ban sa ba. In ina son in hana, sai na fita na faɗa da bakina, in kuwa na faɗa aikin ya tafi. Sai ta ce:

"In ka yi shiru, da wace huska za mu shiga Kajiji ran da abin yaɓ ɓaci? Tahi ka hwaɗa musu. Keken ɗinki dai bai mutu ba."

Ranar Asabar na hau babur na nufi Kajiji. Gidan Yaya Bube na fara sauka, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bar makaranta ya riƙe gona don ni in yi karatu. Sai na tarar ashe shi aka naɗa mai rubuta sunayen waɗanda za a ba iri a yankin. An ɗinka masa sabuwar riga. Tun ranar da aka ambaci sunana a rediyo yake yawo gari gari yana cewa ƙanena ne, ni na yi masa karatu. Muka zauna a zaure na ce masa kada ya shuka irin nan, in ma zai shuka ya gwada a kunya biyu ko uku a gefen gona, ya bar geronsa inda yake. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Kai da bakinka? Sunanka na bisa buhun ga ko na wani?"

"Nawa na, Yaya, amma ba da sanina anka sa shi ba. Ba a gwada irin ga ba."

"Da anka hwaɗi a rediyo, ka ƙaryata?"

Na ce ban ƙaryata ba. Ya ce, "To. Sa'ad da aka yabo kay yi shiru, yanzu da ni ka shirin samun mutunci cikin mutane kaz zo ka kwance mini zane a kasuwa. Na riga na rubuta mutum ɗari da wani abu. In koma in ce musu mi? Ƙanena mahaukaci na?"

Na bar gidansa na bi gida gida, iyakar inda babur ya kai ni kafin la'asar. Wasu suka saurara. Wasu suka ce ƙila an hana ni kasona ne shi ya sa nake ɓata abin. Wani dattijo ya ce mini shi bai taɓa ganin mai tuwo yana cewa kada a ci tuwonsa ba sai in da wani abu a ƙasa.

Ranar rabo aka yi taro a Shagari, an kafa rumfuna, an jera buhuna, attajirin ya zo da jerin motoci. Ba a gayyace ni ba, amma da mai gabatarwa ya hango ni cikin jama'a, bai san abin da ke tsakanina da Farfesa ba, sai ya yi ta kirari yana cewa ga gwanin da kansa, a matso da shi. Na ga fuskar Farfesa ta canza. Aka miƙo mini lasifika. Na yi sallama, na gaida manya, na ce: jama'a, ni ne Sahabi da ke jikin buhun nan. Abin da na gano a kwamfuta zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba. Ba a gwada irin nan a fari ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya karɓa, don Allah kada ya ba shi gonar geronsa. Iyakar abin da na samu faɗa ke nan aka zare wayar lasifikar. Makaɗa suka saki kiɗa da ƙarfi, wasu samari biyu suka kama ni ta kafaɗa suka fitar da ni bayan rumfa kamar ɓarawon akuya, a garin da aka san ubana. Na ji mai gabatarwa yana cewa Malam tawali'u ne ya yi masa yawa, haka masu ilimi suke. Aka yi dariya, aka ci gaba da rabo. Waɗanda ke gaba sun ji ni. Na baya, waɗanda su ne suka fi yawa, sun ga dai na hau na yi magana an yi kiɗa, suka ɗauka tallar irin na yi.

Ranar Litinin takardar tuhuma tana jirana a tebur, wai na tozarta cibiya a bainar jama'a. Aka karɓe kwamfutar da nake aiki da ita da duk abin da ke cikinta. Kwamitin da aka kafa ya zauna da ni minti kaɗan, mutanen da muke cin abinci tare ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Aka ba ni zaɓi, ko in rubuta takardar neman gafara in ce ruɗewa na yi, ko in ajiye aiki da kaina. Na ajiye. Na dawo Bodinga na koma riƙe alli a wata makarantar kuɗi, a kan abin da bai kai rabin albashina na da ba. Kun tuna shekarar da Nana ta zauna gida zango guda, aka ce muku rajista ce ta samu matsala? Ba rajista ba ce. Wannan ne.

Na yi ta addu'a Allah Ya kunyata ni, damina ta yi kyau, irin ya yi albarka, a ce Sahabi ya yi hayaniyar banza. Wallahi da na fi son haka. Amma audugar tana fara fure ruwa ya ɗauke. Na je Kajiji na gani da idona: gona ɗaya, wani tsiron ya kai ƙugu wani bai wuce gwiwa ba, nan ɗaya kore, can goma sun sunkuya, fure a zube a ƙasa. Geron maƙwabta ya sha wuya amma ya farfaɗo da ruwa ya dawo. Audugar ba ta farfaɗo ba. Yaya Bube, don ya nuna wa mutane ya yarda da abin da yake rabawa, duk babbar gonarsa ya ba ta. A shekarar nan rumbunsa ko rabi bai yi ba, ya sayar da shanun nomansa biyu kafin rani ya raba.

Sai ga abin da ya fi komai ƙona mini rai. Da ƙorafi ya yi yawa, Farfesa ya koma rediyon nan dai, da muryarsa mai sanyi, ya ce cibiya ta yi baƙin ciki, wani ƙaramin ma'aikaci ne ya kawo bayanan da ba su inganta ba, kuma tuni an sallame shi. Bai kira suna ba. Ba ya bukata, sunan yana jikin buhu a kowane gida, mata suna zuba dusa a ciki. Wanda ya goge mai yiwuwa daga rahotona ya zama mai ba da haƙuri, ni da aka fitar da ni ta kafaɗa don na ce kada a shuka na zama mai kaɗar ƙarya. Attajirin ya ci zaɓensa. Farfesa ya samu ƙarin girma, har ya yi ritaya ana yi masa walima. Na rubuta wa gidan rediyon sau biyu, ba su karanta ba. Ƙwayar kuwa, wadda duk aka yi wannan a kanta, har yau da nake rubutun nan ban ji wanda ya gwada ta ba. Ƙila hasashena daidai ne, ƙila kuskure ne. An kashe tambayar tun ba a amsa ta ba, don yanzu ba mai son a ji sunansa kusa da ita.

Gwaggo Tumba ma ba ta tsira ba. Mata suka daina shiga gidanta, ana cewa daga bayan ɗakinta tsiyar ta fito. Wata safiya ta sa aka sare itatuwan nan bakwai, ta ce tunda sun jawo wa ɗan ɗan'uwanta zagi ba ta son ganinsu. Itatuwan da suka girme ni. Da na je na tarar da kututturansu, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Yaya Bube ya shekara biyu ba ya yi mini magana. In na je gaisuwa ya amsa sallama ya tashi ya shiga ciki. Na aika masa da gero ya mayar. Na ɗauka haushina yake ji don sunana ne ya jawo shi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai wata ranar kasuwar Shagari, na je sayen ragon suna na ƙaninku Aminu, ina cikin ciniki wani mutum daga wajen Danchadi ya gane ni. Ya ɗaga murya ya ce jama'a ku zo ku ga malamin da ya sayar da mu, ya ci kuɗin Turawa ya bar mu da yunwa. Mutane suka fara taruwa. Ban san Yaya yana kasuwar ba sai da na ji muryarsa a bayana, yana ture mutane da sandarsa.

"Kai, rufa muna baki! Ni na Bube, ni nir rubuta sunayenku, in zagi kaka so ga ni. Wanga da kaka gani, shi ɗai yaz zo har zaurena yac ce kar in shuka. Yab bi gida gida yana roƙon mutane. A garin ga anka hidda shi kamar ɓarawo don ya hwaɗi gaskiya, ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba. Shi ya hwaɗi. Mu munka ƙi ji."

Mutumin ya yi gunaguni ya sulale. Na juya in yi wa Yaya godiya, sai ya ɗauke kai, ya kama kunnen ragon da nake ciniki ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora.

Ya ce, "Wanga tsoho na. Har yau ba ka iya sayen dabba ba. Taho in zaɓa maka."

Na bi shi a baya cikin turke, kamar yadda nake bin shi gona muna yara.